ME KE SA MUTUM YA YI LAIFI?



Ran nan bayan La'asar muna zaune ƙofar masallaci, sai aka wuce da wani yaro wajen 'yan sanda, wai ya shiga shagon wata mai atamfa ya ɗauki turmi biyu. Kafin a kira Magariba dattawa sun rabu huɗu. Wani ya ce gado ne, kakansa ma haka ya ke. Wani ya ce yunwa ce. Wani ya ce miyagun abokai ne. Na huɗu ya ce rashin bulala ne kurum. Mu da mu ke aikin akawu muka yi shiru muna saurare, domin gardamar nan da a ke yi bisa tabarma ita ce malaman Turai da na Amurka su ke ta yi cikin littattafai yau fiye da shekara 250. Shi ya sa muka ga ya kamata mu jera muku maganganunsu, mu auna su da abin da ya faru a garuruwanmu, gama irin cutar da aka ce mutum ya ke da ita, irin maganinta a kan ba shi.

MASU CEWA LISSAFI NE

Na farko su ne mutanen Cesare Beccaria, wani mutumin Milan ta ƙasar Italiya, wanda ya fid da littafinsa a kan laifi da horo cikin 1764. Shi a ganinsa mutum yana da hankali, ya kan auna riba da hasara kafin ya miƙa hannu. Saboda haka ya ce tsananin horo ba shi ne ke hana laifi ba, abin da ke hanawa shi ne mutum ya tabbata za a kama shi, a hukunta shi da wuri, daidai laifinsa. Watau da a ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, gara a rage dubun nan ta koma goma. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma a kanta aka gina yawancin dokokin kotunan zamani. Amma fa ba ta faɗi dalilin da ya sa yara biyu na unguwa ɗaya, masu tsoron ɗan sanda ɗaya, wannan ya yi sata wancan bai yi ba.

MASU CEWA GADO NE

Cikin 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya ce akwai wanda a ke haifa da laifi a jikinsa, har a kan gane shi ga ƙirar kai da muƙamuƙi da kunnuwa. Ya yi ta gwada kawunan fursunoni. Sai cikin 1913 Charles Goring, likitan gidajen yari na Ingila, ya fid da sakamakon gwajin fursuna wajen 3,000, ya kwatanta su da sojoji da ɗalibai, bai ga wata kama ta dabam da a ke gane mai laifi da ita ba. Daga nan zancen ya faɗi. Mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai ya tuna an kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ɗan limami nawa muka gani ya lalace, ɗan mashayi nawa ya zama mahaddaci?

MASU CEWA UNGUWA CE DA RASHI

A nan ne maganar ta matso kusa da mu. Malamai biyu na birnin Chicago, Clifford Shaw da Henry McKay, sun sa alama bisa taswira a gidan kowane yaro da aka kai kotu, suka buga abin da suka gani cikin 1942. Sai ga shi laifi ya taru a unguwannin da ke kusa da tsakiyar gari da masana'antu, inda baƙi ke sauka, haya ke da araha, kowa na shirin tashi. Abin mamaki, wata ƙabila ta tashi wata ta zo, amma yawan laifin unguwar bai sāke ba, waɗanda suka tashi kuwa 'ya'yansu suka natsu a sabon wuri. Ashe ba jini ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Robert Merton kuma cikin 1938 ya ce duniya ta kan nuna wa kowa gida da mota ta ce ya nema, sa'an nan ta rufe wa waɗansu ƙofar makaranta da ta aiki, sai su nemi taga.

Mu Musulmi wannan ba baƙon zance ba ne gare mu. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, bayin Haɗibu suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka soke. Sayyidina Umaru ya yi umurni a yanke musu hannu, sa'an nan ya lura ubangijinsu yana barinsu da yunwa, sai ya juya tara a kansa. Kuɗin taguwa dirhami 400, ya sa ya biya 800. Alƙali ya dubi hannun da ya ɗauka, ya kuma dubi cikin da ya aike shi.

MASU CEWA KOYO NE

Amma in rashi kaɗai ne, da duk matalauci ɓarawo ne, alhali kuwa mun san masu dako da masu tallan koko da ba su taɓa cin kwabon wani ba. Edwin Sutherland ya ce laifi sana'a ce, koyonta a ke yi wajen abokan zama, har da dabarunta da uzurorinta. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Shi ne kuma cikin 1939 ya jawo hankali ga laifin masu farar riga, watau manyan ofis da kamfani masu sata da alƙalami. Mu akawuna mun san wannan ƙwarai, kuma ba mu taɓa ganin an bi irinsu da ihu a kasuwa ba.

Dubi 'yan daba na Kano. Asalinsu yana komawa ga 'yan farauta da 'yan tauri na unguwanni. Cikin shekarun 1950, zamanin hamayyar NPC da NEPU, 'yan siyasa suka ɗebe su suka mai da su 'yan banga. Bayan matsin tattalin arziki na 1986 masana'antu suka rage ma'aikata, daba ta ƙara cika, kamar yadda Malam Y. Z. Ya'u ya bayyana cikin 2000. Nan Gana ma an yi ta hayar ƙarti lokacin zaɓe, har bayan rikicin zaɓen Ayawaso West Wuogon na Janairu 2019 Majalisa ta yi dokar hana ƙungiyoyin banga a wannan shekara. Yaro bai koyi riƙon makami wajen uwarsa ba, wani babba ne ya ba shi, ya biya shi.

MASU CEWA SUNA NE

Na ƙarshe su ne mutanen Howard Becker, wanda cikin 1963 ya ce a duba waɗanda ke laƙaba suna. In aka kira yaro ɓarawo, aka hana shi aiki da aure, to, an kulle masa kowace ƙofa sai ta ɓarayi. Suna kuwa ya kan hau kan unguwa duka. Tsofaffinmu ba su manta Nuwamba 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, ana ɗora musu laifuffukan gari, har da waɗanda aka haifa nan suka ɗaure kaya.

Ga kuma abin da ya faru cikin Yuli 2018. 'Yan sanda suka harbe mutum bakwai na Asawase ta Kumasi a wajen Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Jama'ar Zango suka ƙi yarda. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamiti bai sami shaidar cewa 'yan fashi ne ba. Aka dakatad da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Amma diyya ba ta ta da mamaci. Mu kanmu mun taɓa gani a wani ofis an ture takardar neman aiki gefe, don kawai an ga adireshin Zango a kanta.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

To, jama'a, wa ke da gaskiya cikin dattawan nan huɗu? Mai cewa gado ne dai ya sha kaye. Sauran ukun kowa ya kama ƙafa guda ta dabba ɗaya. Cikin 1969 Travis Hirschi ya juya tambayar, ya ce kamata ya yi a tambayi me ke hana yawancin mutane yin laifi. Amsarsa ita ce igiyoyin da suka ɗaure mutum da iyaye da makaranta da sana'a da abin da ya gaskata. Da irin igiyoyin nan Malam Bako ya riƙe Sabon Zango ta Ankara: baƙo ya sauka wajen maigida, maigida ya san inda ya kwana da abin da ya ci, shi ne kuma zai amsa in ya yi ɓarna.

Saboda haka muna roƙon Sarkin Zango da limamai da shugabannin samari abu uku. Yaron da ya fito daga gidan yari a nema masa ubangida, tela ko makaniki ko mahauci, tun makon farko. Ɗan siyasan da ya zo neman ƙarti a sallame shi a fili, a ce ya kawo nasa 'ya'yan. Asusun Raya Zango da aka yi wa doka cikin 2017 a tambayi wakilanmu kuɗinsa nawa suka shiga makaranta da koyon sana'a a unguwarmu. Sa'an nan kada mu ɓoye mai laifi don ɗanmu ne, gama mai atamfar nan ma 'yarmu ce, jarinta ke nan.

Yaron nan zai komo wata rana, ta ƙofar masallacin nan zai wuce. Sai mu shirya abin da za mu ce masa tun yanzu.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.