Kundin Halittu A Intanet: Ina Rabon Ƙasar Hausa?

A tsakiyar birnin Greensboro da ke Jihar Karolina ta Arewa a nan Amurka, duk wanda ya ga wani baƙon tsuntsu, ko ƙwaro, ko ɗan tsiro a lambun shaƙatawa na LeBauer, wanda aka buɗe a shekarar 2016, yana iya ɗaukar hotonsa da wayar hannu ya tura zuwa shafin iNaturalist. Sau da yawa kafin rana ta faɗi wani masani, wanda watakila yana zaune a wata nahiya dabam, zai faɗa masa sunan abin da ya gani. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba hoton suka yarda da suna guda, sai a ɗauke shi a matsayin bayanin da masu bincike za su iya dogara da shi.

Shi wannan shafi wasu ɗalibai ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarar 2008. A 2023 ya tsaya da ƙafafunsa a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, bayan da Gidauniyar Gordon da Betty Moore ta tallafa masa da dalar Amurka miliyan 10. Ya zuwa 2024, bayanan da jama'a suka tura masa sun haura miliyan 200. Daga nan kuma yawancin bayanan da aka tantance sukan wuce zuwa wani babban rumbu mai suna GBIF, wanda gwamnatoci suka haɗu suka kafa a 2001, mai hedkwata a birnin Kopanhagen na ƙasar Denmak. A cikin wannan rumbu akwai bayanai sama da biliyan 3, kowannensu yana faɗin wace halitta aka gani, a ina, kuma yaushe. Kowa na iya shiga ya kwasa kyauta.

To sai dai wanda ya buɗe taswirar GBIF zai ga abin da ya kamata ya dame mu. Arewacin Amurka da Yammacin Turai sun cika maƙil da ɗigo-ɗigo, domin kuwa Amurka kaɗai tana da bayanai sama da biliyan 1. Da zarar ido ya gangaro yankin Sahel, sai ɗigon ya yi ta raguwa, har a tarar da faffaɗan fili tsakanin Katsina da Maraɗi da Damagaram wanda in ban da jefi-jefi babu abin da aka rubuta a kansa. Wannan ba ya nufin babu halittu a can. Gawo da kuka da tsamiya da aduwa suna nan, haka shamuwa tana zuwa kowace damina. Masu rubutawa da kayan aiki da kuɗin bincike ne suka yi ƙaranci.

Illar wannan giɓi a fili take. Da irin waɗannan bayanai ne ake zana taswirar wuraren da za a kare, ake hasashen inda fari ko tsuntsayen jan-baki za su ɓulla, ake kuma yanke shawarar irin itatuwan da za a dasa don tare hamada. A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Dattawa a Kano da Sakkwato sun riga sun lura da ɓacewarta tun kafin nan, amma abin da ba a rubuta da rana da wuri ba, ba ya shiga lissafin masu tsara manufofi.

Tarihin rubuta ilmin tsirran ƙasar Hausa ya daɗe. Wani likita ɗan ƙasar Sikotlan mai suna John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a zamanin Turawa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a shekarar 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ilmin da ke ciki kuwa daga bakin manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya ya fito, busassun ganyayen da ya tara kuma da dama daga cikinsu suna ajiye a Lambun Kew da ke birnin Landan.

A shekarar 2000 aka soma wani gagarumin aiki mai suna PROTA, wanda ya zama gidauniya mai zaman kanta da ba ta neman riba, mai cibiya a garin Wageningen na ƙasar Holan. Manufarta ita ce tattara duk abin da aka sani game da tsirrai kimanin 7,000 masu amfani a Afirka, a buga su a littattafai da Turanci da Faransanci, a kuma sa su a intanet. An yi aiki mai kyau a kan kayan lambu da hatsi da itatuwan katako, amma a 2013 kuɗin tallafi ya yanke tun ba a kammala ba. Wannan shi ne raunin irin waɗannan gidauniyoyi: ranar da mai bayarwa ya janye hannu, sai aiki ya tsaya cik.

A Nijeriya, misali mafi ƙarfafa gwiwa yana fitowa ne daga Jos. A can ne Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An raba ƙasar zuwa murabba'ai fiye da 11,000, kowanne mai faɗin kusan kilomita 9. Masu aikin sa-kai sukan shiga murabba'i guda su rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji kukansa, su tura ta wayar hannu. Matasan Arewa sun kafa tasu tawaga mai suna Arewa Atlas Team, wadda ta ratsa ƙananan hukumomin da babu wanda ya taɓa ƙirga tsuntsayensu. Hausawa dai sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Idan an koma ga ƙananan halittun da ido ba ya gani, to a nan ne batun ya shafi rai da lafiya kai tsaye. A Jami'ar Karolina ta Arewa reshen Greensboro, Farfesa Nicholas Oberlies da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna binciken nau'o'in funfuna, suna neman sinadaran da za a iya sarrafawa su zama maganin cutar daji da sauransu. Irin wannan bincike ba ya yiwuwa sai da ma'ajiyar ƙwayoyin halitta da kuma kundin da za a gwada sabon abu da wanda aka riga aka sani. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'ajiyoyin ita ce ATCC, ƙungiyar da ba ta neman riba wadda aka kafa a 1925, mai mazauni a garin Manassas na Jihar Bajiniya. Tana adana dubban nau'o'in bakteriya da funfuna a cikin tsananin sanyi, kuma mai bincike a Zariya ko Yamai na iya duba jerinsu ta kwamfuta.

Wanda ya san tarihin sanƙarau a ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani kan amfanin wannan. A annobar 1996 mutane sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka soma a Burkina Faso da Mali da Nijar a watan Disamban 2010 ta karya lagon rukunin A na ƙwayar cutar. Amma a 2013 sai wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a Arewa maso Yammacin Nijeriya, ya haddasa annoba a Nijar a 2015, ya kuma yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. Masana sun gane cewa sabon abu ne ta hanyar gwada tsarin gadonsa da waɗanda ke cikin kundin PubMLST na Jami'ar Oxford da ke Ingila, wanda ke buɗe a intanet. Irin wannan sani na cikin abin da ya nuna buƙatar allurar da ke yaƙar rukuni biyar a lokaci guda, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita a watan Maris na 2024.

Ba duk ƙwayar halitta ce mai cutarwa ba. Daddawar da ke cikin miyarmu aikin wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis, wadda ke ruɓar da dafaffiyar kalwa. Haka nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta zaɓo nau'o'in funfuna marasa guba daga ƙasar Nijeriya ta haɗa Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gonar gyaɗa ko masara don ya kore funfunar da ke haifar da guba mai lalata hanta.

A nan ne wata muhimmiyar tambaya ke tasowa: idan wani kamfani a ƙetare ya ɗauki bayanin ƙwayar halitta da ta fito daga tukunyar daddawa a Katsina ya yi arziki da shi, wa zai amfana? Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce a raba amfanin da ƙasar da abin ya fito. Amma yarjejeniyar ta fi ƙarfi a kan abin da ake ɗauka a kwalba, alhali yanzu da maɓallin kwamfuta ake kwasar bayani. Saboda haka a taron birnin Cali na ƙasar Kwalambiya a watan Nuwamban 2024, ƙasashe suka amince da kafa wani asusu inda ake son manyan kamfanoni su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 1 cikin 1,000 na cinikinsu, a kuma ware aƙalla rabin kuɗin don al'ummomin da suka riƙe wannan ilmi tun kaka da kakanni. Sai dai babu dokar da ta tilasta wa kamfani biya, kuma ita Amurka ba ta cikin Yarjejeniyar Kare Halittu ta 1992 da asusun ya samo tushe daga gare ta.

Kafin a kai ga rabon riba, akwai aikin da ke hannunmu. Shafin iNaturalist yana bai wa masu amfani da shi damar ƙara sunayen halittu da harsunansu. Greensboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi yawa, kuma a cikinsu, kamar yadda yake a Kumasi da Jidda da Khartum, akwai waɗanda suka tashi a karkara, suka san bambancin sabara da kalgo, da geza da taramniya. Malamin makaranta a Gumel ko Tasawa da ke da waya mai kyamara zai iya fita da ɗalibansa bayan ruwan farko, su ɗauki hoton tsiro goma, su tambayi tsofaffin gari sunayensu da amfaninsu, su rubuta da rana da wuri. Dalziel ya tara abin da har yau ake amfani da shi bayan shekara fiye da 100, balle al'ummar da ke da miliyoyin wayoyi a aljihu.