Ranar Gombe da Masu Haɗa Hoto

Duk wanda ya zaga Gombe lokacin yaƙin neman zaɓen 2023, daga Tashar Dukku zuwa Pantami, ya ga irin fastar nan: ɗan takara tsaye kafaɗa da kafaɗa da jigon jam'iyyarsa, ga murmushi, ga babbar riga, alhali wataƙila ba su taɓa tsayawa gaban kamara ɗaya ba. Haka kalandar biki, inda ake ganin amarya jingine da motar da ba ta taɓa shigowa Jekadafari ba. Aikin masu editin ne, a situdiyo da shagunan buga takardu. Wani hoton sai an rantse maka kafin ka yarda haɗi ne, wani kuwa yaro ma daga nesa zai ce an manna.

A da, yanko mutum daga hotonsa shi ne jan aiki. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, a 1994 kuma aka ƙara mata damar ɗora hoto bisa hoto ba tare da na saman ya ɓata na ƙasan ba. Yau manhajojin waya irin su PicsArt da Canva na cire bayan hoto cikin daƙiƙu. Yanka ya zama na kowa. Wurin da ake gane gwani shi ne haske.

Gombe na kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka, a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta rana kan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana, inuwar mutum ta dunƙule ƙarƙashin ƙafarsa. A Disamba inuwar tsakar rana kan miƙe ta yi arewa, tsawonta kamar kashi biyu cikin uku na tsayin mai ita. A Yuni sai ta juya kudu, 'yar gajeriya. To, motar da mai editin ya sauke daga intanet sau da yawa an ɗauke ta ne a Jamus ko Ingila, ƙarƙashin gajimare, cikin haske mai laushi da ba ya fidda inuwa sosai. Ya ɗauko ta ya ajiye a ƙofar wani gida a Tumfure da aka ɗauka cikin zafin Maris, inda kowane dutse ke da baƙar inuwarsa, sai ta yi kamar tana shawagi. Mai kallo bai san dalili ba, ya dai ji hoton bai kwanta masa ba.

Inuwa biyu gwani ke yi. Akwai siririya mai duhu daidai inda taya ko takalmi ya taɓa ƙasa, ita ce ke zaunar da abu. Akwai kuma doguwar, wadda dole ta bi inda inuwar bango da ta bishiya da ta turken lantarki suka nufa, ta kuma yi laushi yayin da take nisa da gindin abin. Ba a yin ta da baƙi wuluk, domin inuwa ta gaskiya launin ƙasar da ta faɗa kai take ɗauka, ta ƙara masa duhu kawai. Akwai ma wani ɗan abu da yawancin masu koyo ke tsallakewa: ƙasa na mayar da haske sama. Farar shadda a kan jan ƙasa takan ɗauki ɗan ja-ja a gindinta, haka ƙasan ƙofar mota. In babu wannan, shaddar ta ci gaba da zama baƙuwa a hoton.

Hunturu na da nasa hukuncin. Cikin hazon Janairu, duk abin da ya yi nisa yakan yi fari-fari, kalarsa ta dushe. Wanda ya dasa gini ko raƙumi can ƙarshen layi da kala mai ƙarfi, ya tona wa kansa asiri.

Sai tsayin kamara. Mutumin da aka ɗauka daga ƙasa, mai hoto na durƙushe, ba zai taɓa zama daidai cikin filin da aka ɗauka daga saman bene ba, kome gyaran kala. Gefen abin da aka yanko ma shaida ne. Hula irin zanna bukar ba ta da wuya, amma mayafi shara-shara da gashin gemu kan riƙe ɓurɓushin tsohon bango, sai a ga wani farin zare ya kewaye mutum. Hoton waya na dare kuma cike yake da 'yan ɗigo-ɗigo, don haka fuskar da aka kawo sumul daga situdiyo sai an yayyafa mata irinsu.

Sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1857 Oscar Rejlander ya haɗa hoto guda a Ingila daga gilasan hoto kusan 30. A Ghana, Philip Kwame Apagya ya yi suna da labulen da aka zana wa jirgin sama da firji da talabijin, mutane su tsaya gabansu a ɗauka. Babu wanda aka yaudara a nan, kamar yadda babu wanda kalandar biki ke yaudara; kowa ya san ado ne.

Hoton labarai kuwa daban. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta Brian Walski saboda ya haɗe hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. A Yulin 2008 wani hoton gwajin makamai masu linzami na Iran ya hau shafin farko na manyan jaridu da makamai huɗu a sama, daga baya aka gane na huɗun kwafe shi aka yi, har ƙurarsa iri ɗaya da ta maƙwabcinsa. Farfesa Hany Farid, wanda ya koyar a Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, na kama irin wannan da dabara mai sauƙi: a ja layi daga wani wuri a jikin inuwa zuwa wurin da ya haifar da shi a jikin abin, a yi haka ga abubuwa da dama. In rana ɗaya ce ta haska su, layukan za su haɗu a wuri guda.

Tun 2023 Photoshop na da ƙirƙirarriyar basira da ke saka abu a hoto ta yi masa inuwa da kanta, kuma sau da yawa tana dacewa. Amma ba ta san ƙarfe nawa aka ɗauki ango a Bolari ba, tana kintata ne daga abin da ta gani. Don haka mai son a haɗa masa hoton da zai shige, ya sauƙaƙa wa mai editin: ya ɗauki mutumin da wurin a lokaci ɗaya na yini, rana na gefe ɗaya, kamara a tsayi ɗaya, sannan ya tura masa asalin hotunan a matsayin fayil, don WhatsApp kan rage musu inganci in aka tura su kai tsaye.