Dalilin da ya sa hoto ke tsaitsayawa a sabon allon kwamfuta

Mutum kan kashe kuɗi masu yawa ya sayi allon 4K, amma da ya jona shi da kwamfutar tebur sai hoto ya riƙa tsaitsayawa. Galibi matsalar daga wayar take, ko kafar da aka cusa ta.

Allon 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. Kafin motsi ya yi sumul, sai an sabunta hoton aƙalla sau 60 a daƙiƙa, wato 60Hz. Kafar HDMI 1.4 ba ta wuce 30Hz a wannan ma'auni. HDMI 2.0, wadda ta fito a 2013, tana kaiwa 60Hz, yayin da HDMI 2.1 da DisplayPort 1.4 ke kaiwa 120Hz.

Saboda haka, a karanta takardar bayanin allo da kwamfuta da waya kafin a biya kuɗi, domin mafi rauni a cikinsu shi ke yanke iyaka. Idan akwai katin hoto na daban, a jikinsa za a jona. Sannan a shiga saitin Windows a ɗaga adadin, domin yakan tsaya a 60Hz.