Neman Izini Kafin Fita Bincike: Abin Da Ɗalibin Harshe Ya Kamata Ya Sani

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike aikin ɗaliban likitanci ne kawai. Ni ɗan Katuzu ne a Gashuwa, da harshen Bade na buɗe baki kafin Hausa, kuma ina ganin batun ya shafe mu ƙwarai, domin bakin mutane shi ne gonarmu.

Asalin Dokar

An fitar da Ƙa'idojin Nuremberg a 1947 bayan shari'ar likitocin Nazi, sai Sanarwar Helsinki ta biyo baya a 1964. A nan gida, darasin ya zo a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojinta na ɗa'ar binciken lafiya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ɗaure mai bincike.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Mu ɗauki ɗalibin da ke tattara sunayen cututtuka a Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a. Kalma yake nema, amma sai mai ba da bayani ya faɗa masa sirrin lafiyar gidansa. Haka wanda ya naɗi waƙoƙin mata na biki, ko surkullen masunta a fadamar Haɗeja da Nguru. Idan muryar nan ta ɓulla a Facebook, tana iya kashe aure ko ta tona asirin sana'a. Magana zarar bunu ce.

Matakai

Da farko, ka rubuta tsarin bincikenka: manufa, waɗanda za ka tambaya, da tambayoyin. Na biyu, ka haɗa takardar neman yarda cikin harshen da mutanen suke ji, ko Bade ne ko Hausa ko Kanuri. Ta bayyana cewa shiga ba dole ba ne, mutum na iya janyewa duk lokacin da ya so, da kuma inda za a adana muryarsa. Wanda ba ya karatu a karanta masa gaban shaida, ya dangwala yatsa. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa. Na uku, malamin da ke duba aikinka ya sa hannu, a miƙa wa kwamitin jami'a. Ko da kana ganin aikinka ba shi da haɗari, kwamiti ne ke yanke wannan hukunci, ba kai ba. Kada ka fara naɗar murya sai takardar amincewa ta fito.

Kammalawa

A ƙarshe, takardar jami'a ba ta buɗe ƙofar gida. Ka bi ta hannun lawani ko bulama. Sai dai amincewar bulama ba ta maye gurbin yardar tsohuwar da za ta rera maka waƙa. Idan ta ce a'a, ka yi godiya ka kashe na'urarka.