Shunin wandon jin: masana sun koma ga ganyen baba

Babu babbar kasuwar da mutum zai shiga, daga Maraɗi har Damagaram, bai tarar da wandon jin a rataye ba, sabo ko na gwanjo. Amma kaɗan ne daga cikin masu saye da sayarwa suka san cewa shuɗin launin nan nasa daga man fetur yake fitowa.

A da, da ganyen baba ake samun shuni, kamar yadda aka gada a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Cikin shekara ta 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, ba a yi shekara 20 ba noman baba ya durƙushe a Indiya. Yau ana haɗa shi daga anilin, wani sinadari mai guba da ake samu daga fetur.

Wahalar ita ce shuni ba ya narkewa cikin ruwa. Kafin ya kama zare sai an zuba masa soda da garin hidrosulfit, irin wanda masu rinin shadda suka sani. Ruwan da ya rage yana cin bututu, in ya kwarara kogi kuma ya halaka kifi.

A cikin ganyen baba kuwa, shuni yana ɓoye ne, manne da ƙwayar sukari. Masana na kiransa indikan, kuma shi yana narkewa. Cikin 2018 masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Bakale a Amurka, bisa jagorancin John Dueber, suka sa ƙwayoyin bakteriya su riƙa ƙera indikan. Ana jiƙa zare da shi, sannan a sa anzim, wato sinadarin da halittu ke yi a jikinsu don saurin sarrafa abu. Anzim ya cire sukarin, iska ta buga, zare ya yi shuɗi ba tare da hidrosulfit ba. Cikin 2024 masana na jami'ar fasaha ta Danmak suka inganta anzim ɗin da ke haɗa indikan, suka nuna cewa haske ma yana iya cire sukarin.

Abin da ya rage shi ne kuɗi. Shunin fetur yana da araha, masana'antu kuma sun saba da shi, ba za su sake hanya ba sai lissafi ya fita. Ƴan kasuwarmu su sa ido: duk ranar da manyan ƙasashe masu saye suka tsananta doka a kan ruwan rini, farashin dila zai motsa. Ma'aikatan da ke kula da tsabtar ruwa kuwa, ba sai sun jira Turai ba. Ruwan rinin shadda da ake zubarwa a kwalbatocin unguwanninmu, garin nan ne a cikinsa.