Fatauci zuwa tsibirin Biyoko: shirin da ya wajaba ga ɗan kasuwa

Mutanen Matamaye da na Kance ba baƙin tafiya ba ne. Tun zamanin ayari suke bin hanyar Daura zuwa Kano da kanwa da fata da dabbobi. Yau kuwa fatauci ya wuce bakin teku, har ana jin sunan tsibirin Biyoko a bakin ƴan kasuwa.

Wannan tsibiri yana cikin ƙasar Gine Ekwatoriyal, kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Da can ana kiransa Farnando Po, babban garinsa kuma Santa Isabel, wanda aka mayar Malabo cikin shekarar 1973. Ƙasar ta karɓi mulkin kai daga hannun Sipaniya ran 12 ga Oktoba 1968. Hausawa sun daɗe a Malabo suna ciniki, suna da masallaci, saboda haka baƙo ba ya rasa mai masauki. Arzikin tsibirin a da koko ne, amma tun da aka gano man fetur na Zafiro cikin 1995, noma ya ja baya, yawancin abinci daga waje ake kawo shi. Wannan ne ke jan hankalin mai albasa da wake da kilishi.

Amma tarihi yana da gargaɗi. Cikin 1942 Ingila da Sipaniya suka ƙulla yarjejeniyar kai ƴan ƙwadago daga Nijeriya zuwa gonakin koko. A zamanin shugaba Masiyas Ngema aka ƙuntata masu, har gwamnatin Nijeriya ta kwashe dubban mutanenta tsakanin 1975 da 1976, da yawa suka baro dukiyarsu. A tsibiri, wanda takardunsa ba su cika ba ba shi da hanyar daji da zai bi ya koma gida. Jirgi ke shiga da shi, jirgi ke fitar da shi.

Don haka shirin farko takardu ne: fasfo mai sauran kwana, da biza da aka samu tun kafin tashi, da katin rigakafin ciwon shawara. Katin ɗan ƙasa ba ya aiki a can.

Na biyu sha'anin kuɗi. Tun 1985 ƙasar take cin sefa, amma sefar Afirka ta tsakiya ce. Darajarsu ɗaya da ta Nijar, sai dai bankin da ya buga su daban ne, kuma takardar wannan ba ta karɓuwa a kasuwar wancan. Mai hankali yakan yi canji ta banki, ya riƙe shaidar kuɗinsa domin ma'aikatan duwan.

Na uku lokaci da irin kaya. Ruwan sama a Biyoko ba irin na Damagaram ba ne: a Ureka, kudancin tsibirin, yakan kai milimita 10.000 a shekara. Albasar da ke jure watanni a rumbun Matamaye tana iya ruɓewa cikin makonni, fata da kilishi su yi fumfuna. Watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne na rani, su suka fi dacewa da tafiya. Sauro kuwa ba ya ƙarewa, gidan sauro da maganin zazzaɓi wajibi ne.

Harshen hukuma da na kasuwa Sipaniyanci ne, ko da yake Faransanci ma yana cikin harsunan gwamnati. Duk takardar da mutum bai karanta ba, kada ya sa mata hannu sai an fassara masa. Nan ne amfanin yaƙi da jahilci ke bayyana: wanda ya iya rubuta kuɗin jirgi da na duwan da na masauki, ya gwada su da ribar da yake sa rai, shi ke sanin ko tafiyar ta cancanta tun bai bar Matamaye ba.

Tafiyar farko ta ganin kasuwa ce, da kaya kaɗan. Jarin iyali ba a ɗora shi duka bisa jirgi ɗaya.