Abubuwan da ya kamata ka sani kan auna aikin furosesa a kwamfutar kwaikwayo

Babbar kwamfuta guda kan ɗauki kwamfutocin kwaikwayo da dama a cikinta, waɗanda masu sana'ar ke kira VM. Manhajar da ke raba musu furosesa ita ce haifabaiza, irin su Xen da ta fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, da KVM da ta shiga Linux a 2007, da ESXi ta kamfanin VMware.

Me ya hana a dogara da lissafin cikin VM?

Kowace VM gani take furosesar tata ce ita kaɗai, alhali injin niƙan unguwa ne: injin ɗaya, kwanuka sun yi layi. Mai injin ne ya san wanda aka niƙa wa da wanda ke jira. Shi ya sa ake tambayar haifabaiza.

Yadda ake lissafin

A KVM, umarnin virsh domstats ba ya ba ka kaso cikin ɗari. Jimillar lokacin da VM ta ci tun da aka kunna ta yake bayarwa, da nanosakan, tamkar mitar wuta da ba ta komawa baya. Nan sababbin hannu ke yin tuntuɓe. Sai ka karanta sau biyu, ka cire na farko daga na biyu, ka raba da tazarar lokacin, ka sake rabawa da adadin furosesar da aka ba VM ɗin. Idan tana da furosesa 2, ta ci daƙiƙa 5 cikin daƙiƙa 10, aikinta kashi 25 ne. Wanda ya manta rabon ƙarshe zai ce 50.

Don irin wannan awon, Xen na da umarnin xentop, ESXi na da esxtop.

Lokacin jira

A ganina wannan ne ma'aunin da aka fi yi wa sakaci. VM na iya nuna ɗan ƙaramin aiki amma tana jan ƙafa, domin a shirye take, layi ne bai zo kanta ba. A esxtop ana ganin jiran nan a %RDY. A cikin VM mai Linux kuwa umarnin top na nuna shi da st, wato lokacin da aka sace, muddin haifabaiza na sanar da shi kamar yadda KVM da Xen ke yi. Idan ya yi yawa, ƙara wa VM furosesa na iya tsawaita layin ne kawai. A rage masu jira, ko a mayar da VM ɗin zuwa wata babbar kwamfutar.